Sabo Ake Wa Kuka: Yadda Rashi Yake Zuwa wa Mutum a Shekarun Tsufa

Shekarata 69 a duniya, kuma a cikin wata 26 kacal na yi rashi sau huɗu. Matata ce ta fara tafiya, bayan mun yi shekara 41 tare. Sai aminina, wanda muka san juna tun gemu bai fito wa ɗayanmu ba. Sai ƙanwata. Na ƙarshe wani maƙwabci ne da ba mu taɓa zama mun yi doguwar hira ba, amma shekara da shekaru gaisuwarsa ce muryar farko da nake ji in na leƙa waje da safe. A duk huɗun, maganar da ta fi yawa a bakin masu ta'aziyya iri ɗaya ce: "Baba, ai ku ne manya, ku za ku ba mu haƙuri." Da zuciya ɗaya suke faɗa, ban kuma taɓa jin haushin kowa ba. Sai dai a ƙarƙashin maganar akwai wani zato da na daɗe ina juya shi a raina, wato zaton cewa wanda ya daɗe a duniya ya saba da mutuwa, don haka ba ta yi masa zafin da take yi wa yaro.

Gaskiya ne tsoho ya saba da labarin mutuwa. Ya san abin da kiran waya na tsakar dare yake nufi, ya san abin da ake faɗa da abin da ake yi. Amma sanin hanya ba ya rage nauyin kaya. Abin da na gani a kaina, na kuma tarar masana sun rubuta tun kafin ya same ni, shi ne rashi a tsufa yana da kamanninsa na musamman, kuma yawancinsu ba sa fitowa fili, saboda mai ɗauke da su an riga an naɗa shi mai ba wasu haƙuri.

Kowa ya san karin maganar nan cewa ba mutuwa ake wa kuka ba, sabo ake wa kuka. Da ina saurayi na ɗauke ta maganar lallashi ce kawai. Yanzu ina ganin cikakken bayani ce na yadda ƙwaƙwalwa take aiki. Ƙwaƙwalwar mutum kullum cikin hasashe take, tana gina abin da za ta gani gobe bisa abin da ta saba gani jiya. Idan ka kwana kusan dare 15,000 kana jin numfashin wani a gefenka, ta riga ta ajiye wannan a sahun abubuwan da ba sa canzawa, kamar fitowar rana. Ranar da ya rasu, ɓangarenta mai karɓar labari ya ji ya kuma yarda. Ɓangaren hasashe kuwa ba ya jin magana, da maimaici kaɗai yake koyo. Shi ya sa watanni bayan rasuwar matata hannuna yake ɗauko kofi biyu ba tare da na sa shi ba. In na ji wani labari mai daɗi sai in waiga in faɗa mata, sai na buɗe baki sannan in tuna. Kowace irin wannan tunawa ƙaramar rasuwa ce sabuwa, kuma gwargwadon daɗewar zama gwargwadon yawansu. Wanda ya yi shekara 40 da mutum yana da dubban irin waɗannan wurare a cikin yininsa da sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya koya musu cewa mai wurin ba ya nan.

Wani lokaci ma abin yakan wuce ɗauko kofi. A 1971 wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya wallafa abin da ya samu bayan ya zanta da mutum 293 da suka rasa mazajensu ko matansu. Kusan rabinsu sun ce sun taɓa jin mamacin yana kusa da su, wasu sun ji muryarsa, wasu har sun gan shi na ɗan lokaci. Yawancinsu sun ce abin kwantar musu da hankali yake yi, amma akasarinsu ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Dalilin ɓoyewar ba shi da wuyar ganewa. Matashi in ya ce ya ji muryar matarsa da ta rasu, za a ce kewa ce. Tsoho in ya faɗa, za a fara kallon juna, a ce ruɗewar tsufa ta soma. Ni ma na taɓa jin an kira ni daga ɗaki da irin kiran da ita kaɗai take yi, na kuwa amsa. Sai da aka shekara kafin na iya faɗa wa ɗaya daga cikin 'ya'yana.

Sai batun jiki, wanda a ganina nan ne aka fi yin sakaci. Baƙin ciki ba a zuci kaɗai yake tsayawa ba, kuma jikin tsoho ba shi da rarar ƙarfin da zai jure girgiza. A 1969 likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, Colin Murray Parkes, da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka bi sawun maza 4,486 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda matansu suka rasu. A cikin wata shida na farko 213 daga cikinsu sun mutu, adadin da ya ɗara na tsaransu masu mata da kashi 40 cikin 100, kuma ciwon zuciya ne ya fi ɗaukar su. Bayan shekara ta farko haɗarin ya sauka. A 2012 masu bincike a birnin Boston na Amurka sun duba majinyata kusan 2,000 da jijiyar zuciyarsu ta toshe, suka tarar cewa a rana ta farko bayan rasuwar makusanci haɗarin wannan toshewa yakan ninka kusan sau 21, a makon farko kuma kusan sau 6. Wannan ba ya nufin yawancin masu makoki za su faɗi, domin asalin haɗarin a kowace rana ƙanƙane ne. Yana dai nuna cewa kwanakin farko kwanaki ne na sa ido.

Akwai ma wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, suka kira shi takotsubo, sunan wani tulu mai ƙuntataccen wuya da masuntansu ke kama wata halittar teku mai hannuwa takwas da shi. Idan firgici ko baƙin ciki mai tsanani ya auka wa mutum, sinadaran tashin hankali sukan yi ambaliya a jini, sai babban ɗakin zuciya na hagu ya saki, ya kumbura daga ƙasa ya yi siffar wannan tulu. Alamunsa kamar na toshewar jijiya ne, ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, amma in aka duba sai a tarar jijiyoyin a buɗe suke. Kusan tara cikin goma na masu kamuwa da shi mata ne, yawancinsu waɗanda suka manyanta. Galibi zuciyar takan dawo daidai cikin makonni, amma yakan yi kisa. Don haka idan tsohuwa ta dafe ƙirji a ranar da mijinta ya rasu ta ce zuciyarta na ciwo, kada a ce mata ta yi haƙuri kawai. A kai ta asibiti.

Ban da sinadarai, akwai dalili mai sauƙi da kowa zai gane. A tsohon aure kowane ɗaya likitan ɗaya ne. Ita ce take tuna mini lokacin shan maganin hawan jini, ita ce take lura in ƙafata ta kumbura ko in tarina ya canza, ita ce take matsa mini in je a duba ni. Ni kuma ni ne idonta in rubutu ya yi ƙanana. Da ta tafi, ba wanda ya gaji wannan aiki, domin ba wanda ya san ma aiki ne. Barci ya lalace, cin abinci ya zama sai an tuna, magani ya zama sai an ga kwalbar. Bincike ya sha nuna cewa maza sun fi mata faɗawa wannan rami, kuma ina ganin na san dalili: da yawa daga cikinmu mutum ɗaya tak muke buɗe wa cikinmu, kuma ita ce wadda ta tafi. Duniya ta ga misali a fili a 2018, lokacin da aka kwantar da tsohon shugaban Amurka George Bush babba a asibiti kwana ɗaya bayan jana'izar matarsa Barbara, wadda suka yi shekara 73 tare. Ita ta rasu a watan Afrilu, shi kuma ya bi ta a ƙarshen Nuwamba.

Abu na gaba shi ne taruwa. Matashi yakan yi rashi ɗaya, ya sami shekaru yana farfaɗowa kafin wani ya zo. Tsoho kuwa tun bai gama share hawayen wannan ba ake aiko masa da labarin wancan. Masanin tsufa Robert Kastenbaum ya yi rubutu kan wannan tun 1969, yana bayanin yadda rashe-rashe kan hau kan juna har mutum ya kasa ba kowanne haƙƙinsa. Lokacin da ƙanwata ta rasu, wata 14 bayan matata, ban yi kuka ba ko ɗigo. Na ji kunyar kaina sosai, ina tambayar ko dama ban ƙaunace ta ba. Sai bayan watanni, ina neman wata takarda na ci karo da rubutun hannunta a bayan wani tsohon hoto, a nan abin ya zo mini gaba ɗaya. Zuciyar ta ajiye nata kukan ne a gefe har ta sami wurin sa shi. Kuma ba mutane kaɗai ke tafiya a wannan shekaru ba. Aiki ya tafi, ƙarfin gwiwa ya tafi, ji da gani suna raguwa, wani ma har gidan da ya rayu a ciki sai ya bar shi ya koma hannun 'ya'ya. Kowa ya daɗe zai ga daɗau, in ji masu magana, amma ba su faɗi cewa yawanci a jere yake zuwa ba.

A cikin duk abin da na rasa, akwai guda da na fi jimawa kafin in gano sunansa, kuma shi na fi so mai karatu ya riƙe. Tsufa yana cinye shaidun rayuwar mutum. Yau duk wanda ke kewaye da ni a tsoho ya san ni. Ga wasu ni Baba ne, ga wasu Kaka, ga wasu Malam. Suna girmama ni, ina kuma gode musu. Amma mutanen da suka san ni ina yaro mai rawar kai, waɗanda suka ga ranar da na faɗi jarrabawa na ɓuya, suka san muryar mahaifiyata da irin dariyar mahaifina, waɗanda za su kira sunana gatsal ba tare da sun ji nauyi ba, sun kusa ƙarewa. Aminina yana da wani suna da yake tsokanata da shi tun muna 'yan shekara 12, kuma asalin sunan wani abu ne da ya faru wata rana wanda mu biyu kaɗai muka gani. Da ya rasu, wannan rana ta koma a kaina kaɗai take. In na ce ta faru, ba mai gaskata ni, in na manta wani ɓangarenta, ba mai gyara mini. Tunanin mutum ba a kansa kaɗai yake ajiye ba, rabinsa yana kan waɗanda suka rayu tare da shi. Kowane tsara da ya tafi, da wani yanki na tarihinka yake tafiya.

Abin da ya ƙara wa wannan ciwo shi ne ba a san shi a matsayin rashi ba. Wanda ya rasa iyaye yana da suna, maraya. Wadda ta rasa miji kowa ya san matsayinta, za a zo a zauna da ita. Wanda ya rasa aminin shekara 57 fa? Shi ma cikin masu zuwa ta'aziyya yake, zai gaisa da iyalan ya koma gida, ba wanda zai bi shi ya ce ya haƙuri. A 1967 likitoci biyu a Amurka, Thomas Holmes da Richard Rahe, sun jera abubuwa 43 da ke girgiza rayuwa suka ba kowanne maki. Rasuwar miji ko mata ta zo a sama da maki 100, mutuwar aure 73, rasuwar ɗan'uwa na kusa 63, ritaya 45, rasuwar amini kuwa 37. Ma'aunin ya yi amfani a zamaninsa, amma duk tsohon da ya binne amininsa na ƙarshe zai ce wannan 37 ɗin ba daidai ba ne. Daga baya, a 1989, masani Kenneth Doka ya fito da bayani kan irin baƙin cikin da jama'a ba su ba mai shi izinin yi ba, kuma makokin aboki na cikinsa. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiya, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, amma ba ta tsaya nan ba, sai da ta yi wa aminiyarta A'isha tata, tana cikin manyan shekarunta. Ta san wannan rashi ma yana da haƙƙin a faɗe shi.

Game da wanda ya binne ɗansa bayan ɗan ya girma ya zama mutum, ba zan yi dogon bayani ba. Na zauna da irin waɗannan iyaye, na ga yadda magana take ƙarewa a gabansu. Tambayarsu guda ce, me ya sa ba ni ba, kuma ba amsa suke nema ba.

Akwai kuma rashin da yake farawa tun mutum yana numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, kuma kusan miliyan 10 ke kamuwa da ita duk shekara. Mai jinyar irin wannan majinyaci yana rasa shi kaɗan-kaɗan: yau ya manta hanya, gobe ya manta sunan jika, wata rana ya dubi matarsa ya tambaye ta ko ita wace ce. Masaniyar iyali Pauline Boss ta kira wannan rashi mai ruɗani, mutum yana nan kuma ba ya nan. Idan daga ƙarshe rai ya yi halinsa, mai jinyar yakan ji wani sauƙi ya sauko masa tare da baƙin cikin, sai kuma ya tsani kansa saboda jin sauƙin. Matata ta yi wata 9 tana jinya, kuma ba zan ɓoye ba, a daren farko bayan rasuwarta na yi barcin da na daɗe ban yi ba, na farka ina jin kamar na ci amanarta. Na daɗe kafin in gane cewa wahalarta ce na ji daɗin ƙarewarta, da tawa gajiyar, kuma wannan bai taɓa ƙaunar da ke tsakaninmu ba.

To yaya baƙin cikin yake tafiya in ya zo? Mutane da yawa sun ji labarin matakai biyar: ƙin yarda, fushi, neman sassauci, ƙunci, sannan sallamawa. Likitar ƙwaƙwalwa Elisabeth Kübler-Ross, haifaffiyar Suwizalan, ita ta fito da su a 1969. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne daga bakin majinyatan da ke gab da mutuwa ta tattaro su a Shikago, tana bayanin yadda mutum yake fuskantar tasa mutuwar. Daga baya ne aka ɗora su a kan masu makoki, har suka zama kamar tsani da dole kowa ya taka. Bincike bai tabbatar da cewa mutane suna bin su a jere ba. Illar wannan tsani ita ce yana sa mutum ya riƙa auna kansa: ban yi fushi ba, ko akwai abin da ke damuna? Na ɗauka na sallama, ga shi yau na koma kamar ranar farko, ko na koma baya ne?

Bayanin da na ga ya yi daidai da abin da na rayu shi ne na Margaret Stroebe da Henk Schut na Jami'ar Utrecht a ƙasar Holan, wanda suka wallafa a 1999. A wurinsu mai makoki kai-komo yake yi tsakanin fuska biyu. Wani lokaci yana fuskantar rashin kansa, yana kewa, yana kuka, yana duba hotuna. Wani lokaci kuma ya juya ga rayuwar da ta rage, yana koyon ayyukan da mamacin ke yi, yana biyan kuɗin wuta, yana wasa da jikoki har ya yi dariya. Lafiya tana cikin wannan kai-komon, domin zuciya ba ta iya kallon rana ido da ido yini guda. Wanda ya yi dariya a mako na biyu bai ci amana ba, wanda kuma ya fashe da kuka a shekara ta uku saboda ya ji ƙamshin wani turare bai koma baya ba.

Dole kuma in faɗi ɗaya gefen, don kada a ɗauka kowane tsoho rushewa yake yi. George Bonanno na Jami'ar Kolumbiya da abokan aikinsa sun wallafa wani bincike a 2002 a kan tsofaffi 205, wanda darajarsa ita ce an san halin da suke ciki tun kafin mazajensu ko matansu su rasu, aka kuma sake duba su bayan wata 6 da wata 18. Kusan kashi 46 cikin 100 sun ci gaba da tafiyar da rayuwarsu ba tare da sun durƙushe ba, duk da suna kewa. Kusan kashi 16 sun faɗa baƙin ciki mai daɗewa. Wajen kashi 10 ma sun fi samun sauƙi bayan rasuwar. Wato juriya ita ce ta fi yawa, kuma wanda bai rushe ba kada a tuhume shi da taurin zuciya. Abin da nake ja da shi shi ne a mayar da juriyar tilas, a ɗauka tunda yawanci suna tsayawa to ba mai buƙatar a riƙe shi.

Domin akwai waɗanda abin yake maƙale musu. Tun daga 2022 kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da baƙin ciki mai tsawaitawa a matsayin lalura, idan ya wuce aƙalla wata 6 yana hana mutum rayuwa, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka kuma ta sa iyakar a wata 12. Ana ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin goma na masu makoki. Ba yawan kewa ake dubawa ba, domin kewa ba ta da wa'adi. Ana duba ko mutum ya tsaya cak ne: kullum kamar jiya aka yi rasuwar, ya janye daga kowa, ya daina kula da jikinsa, yana jin rayuwa ba ta da sauran amfani, ko yana fatan ya bi mamacin. A tsoho wannan yakan ɓuya a bayan kalmar "tsufa ne". Yana da magani ta hanyar zama da ƙwararru, kuma shekaru ba sa hana maganin aiki. Duk wanda ya ji tsohonsa yana yawan cewa shi ma ya gaji, gara ya tafi, kada ya ce masa ya daina irin wannan magana. Ya zauna ya tambaye shi me yake nufi, sannan ya nema masa taimako.

Sai tambayar da ta fi damuna a shekarar farko: shin warkewa tana nufin in sake ta? A 1917 likitan ƙwaƙwalwa Sigmund Freud ya rubuta cewa aikin makoki shi ne mutum ya zare zuciyarsa daga mamaci sannu a hankali don ya iya ɗora ta a wani wuri, kuma wannan ra'ayi ya yi shekaru yana mulki. Amma a 1920 'yarsa Sophie ta rasu a annobar mura, yana da shekara 63, bayan shekara uku kuma ɗanta ƙarami ya bi ta. A 1929, a wata wasiƙa ga abokinsa Ludwig Binswanger wanda shi ma ya rasa ɗa, Freud ya amsa cewa zafin yakan lafa amma ba a samun madadi, kuma haka ya kamata ya kasance, domin ta haka ne ƙaunar take ɗorewa. Sai a 1996 masana irin su Dennis Klass suka tsayar da wannan a matsayin fahimta: dangantaka da mamaci ba yankewa take yi ba, siffa take canzawa. Wanda ya san tarihin Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija yana ambatonta, yana aika wa ƙawayenta alheri, kuma da ya ji muryar 'yar'uwarta Hala tana neman izinin shiga sai da abin ya motsa shi, don ta tuna masa da ita. Ya binne shida daga cikin 'ya'yansa bakwai. Da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, shi kuma ya haura shekara 60, hawaye ya zubo masa, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Haƙuri da hawaye sun zauna a fuska ɗaya, ba wanda ya kori wani.

A ƙarƙashin duk wannan akwai abin da tsoho ba ya faɗa wa 'ya'yansa: kowace jana'izar tsara tana tuna masa da tasa. Na ɗauka wannan zai zo mini da tsoro, kuma wani dare yakan zo da shi, musamman tsoron doguwar jinya da zama nauyi a kan wasu. Amma abin da ya fi yawa wani irin tacewa ne. Laura Carstensen ta Jami'ar Stanford ta daɗe tana nuna cewa idan mutum ya ji lokacinsa ya taƙaita, yakan rage yawan mutane da buri, ya zuba ƙarfinsa a kan 'yan kaɗan da suka fi masa daraja. Na ga haka a kaina. Gardamar da a da zan kwana ina yi yanzu ba ta ɗaga mini kai. Na nemi gafarar mutum biyu da na shekara 20 ina ɗage neman gafararsu. Sai dai wannan tacewar ita ce kuma take sa kowane rashi ya yi girma, domin wanda mutum biyar suka rage masa, in ɗaya ya tafi gibin ba ƙarami ba ne.

Wata takwas bayan rasuwar matata ba wanda ya ambaci sunanta a gabana. 'Ya'yana suna gudun kada su tayar mini da ciwo, ni kuma ina gudun kada in karya musu zuciya, sai muka zauna a gida ɗaya kowa yana kewarta a ɓoye. Jikata mai shekara 7 ce ta fasa wannan shirun. Ana ruwa da dare ta ce, "Kaka, wai da gaske ne ita ma tana tsoron tsawa?" Uwarta ta yi saurin cewa ta yi shiru. Na ce, "Ƙyale ta." Na ba ta labarin daren farko da na gano wannan tsoron, shekara 41 baya, da yadda kakarta ta yi ta musu har tsufanta cewa ita ba tsoro take ji ba. 'Yata ta yi dariya har ta koma kuka, sannan ta kawo nata labarin da ban taɓa ji ba. Mun kai tsakar dare.

Tun daga ranar nake kiran matar aminina a waya duk mako, domin na gane ita ma kowa yana kauce wa sunansa a gabanta. Mukan yi hirarsa, ta faɗi abin da ta sani, in faɗi abin da na sani, wani lokaci mu yi gardama a kan shekarar da wani abu ya faru. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta san sunan nan da yake kirana da shi, duk da ba ta san asalinsa ba. Na roƙe ta ta riƙa kirana da shi, ta ce, "Haba Yaya, ina zan iya, nauyi nake ji." Har yau ba ta kira ba. Amma makon jiya, za mu yi sallama, na ji ta ɗauko gaɓar farko ta sunan, sai ta yi shiru, ni ma na yi shiru, muka daɗe a haka kafin ta ce sai wani makon.